ƘAFA MAI SHIMFIƊAƊƊEN TAFI: HALITTA CE KO CIWO?

Kowane manomi ya san darajar kayan aikinsa. In ƙotar fartanya ta tsage sai ya sāke ta, in bakin garma ya dakushe sai ya kai maƙera. Amma akwai kayan aiki guda ɗaya wanda ba a sayensa a kasuwa, maƙeri kuwa ba ya ƙera shi, watau ƙafa. Ita ce ta ke kai mu gona, ta kai mu rijiya, ta kai mu kasuwa da majami'a. Ran da ta ƙi tafiya, gona ta tsaya.

Da damina, in mutane sun bi ta kan laka, ku dubi sawunsu. Sawun yawancin mutane ya kan nuna diddige, da gefen waje, da yatsu, amma ta gefen ciki akwai gurbi inda tafin bai taɓa ƙasa ba. Na waɗansu kuwa ya kan fito a cike, babu gurbi ko kaɗan. Wannan ita ce ƙafa mai shimfiɗaɗɗen tafi. Mutane da yawa su na ɗaukarta nakasa ce, har su na ɓad da kuɗi a kanta. Ra'ayina shi ne mun juya al'amarin a baibai. Mu na damuwa da siffar ƙafar da ba ta da laifin kome, mu na kuwa ƙyale ƙafar da ke lalacewa a hankali. Ƙafar da ta ke a shimfiɗe tun yarinta, ba ta kuwa ciwo, a bar ta ta yi aikinta. Ƙafar da dā ta na da gurbi, sa'an nan ta faɗi bayan mutum ya girma, ita ce ta ke bukatar likita, da sauri kuwa.

YADDA AKA GINA ƘAFA

A cikin ƙafa ɗaya akwai ƙasusuwa 26 da mahaɗai 33. Ƙafafu biyu ke nan su na da ƙasusuwa 52, watau wajen rubu'in dukan ƙasusuwa 206 na jikin mutum. An jera su a lanƙwashe daga diddige zuwa gindin yatsu, kamar bakan gizon da magina su ke ɗaurawa a cikin soro. A ƙarƙashinsu akwai jijiya mai faɗi wadda ta haɗa diddige da yatsu, kamar yadda tsarkiya ta ke riƙe baka. In mutum ya taka, bakan ya ɗan buɗe ya sha nauyi. In ya ɗaga, ya koma yadda ya ke. Akwai kuma wata jijiya mai kauri da ta taso daga sha-raɓa, ta bi ta bayan idon ƙafa na ciki, ta kama ƙashin tsakiyar ƙafa ta na jansa sama. Ku riƙe wannan jijiya a zuciya, gama za mu komo kanta.

Dukan jarirai da shimfiɗaɗɗen tafi a ke haifarsu, domin akwai kitse a wurin, jijiyoyinsu kuma da laushi. Lanƙwasar ta kan fito a hankali, tun yaro ya na ƙarami har zuwa wajen shekara 10. A birnin Viyana na ƙasar Ostiriya an auna yara 835, aka buga sakamakon a 2006. Cikin 'yan shekara 3, kashi 54 bisa 100 tafinsu a shimfiɗe ya ke. Cikin 'yan shekara 6 kuwa, saura kashi 24. Ba magani ne ya yi wannan ba, girma ne. Waɗansu kuwa har su tsufa lanƙwasar ba ta fitowa sosai, sau da yawa kuma abin gado ne a gidansu, kamar tsawo ko wushirya.

MUTUM NAWA KE DA ITA?

Sun fi yadda mu ke zato yawa. A 1947 waɗansu likitoci biyu, Harris da Beath, su ka ba da rahoton ƙafafun samari fiye da 3,600 masu shiga soja a Kanada. Wajen 23 bisa 100 tafinsu a shimfiɗe ya ke. A wani gari a arewacin Sifen an auna mutum 835 waɗanda su ka kai shekara 40 ko fiye, aka sami wajen 27 bisa 100, aka buga a 2017. A nan Nijeriya, awon da aka yi wa ɗalibai 1,000 a Jami'ar Kalaba, wanda aka buga a 2009, ya ba da wajen 13 bisa 100.

Ƙididdigar ta bambanta domin hanyar awo ta bambanta. Waɗansu su na duban sawu a takarda, waɗansu su na ɗaukar hoton ƙashi, kowa kuma da inda ya ke ja layinsa. Shekaru da nauyin jiki su ma su na da hannu a ciki. Amma ko mun ɗauki ƙaramin lissafi, in mutum 200 sun taru sujada ran Lahadi, ba mamaki 25 ko fiye a cikinsu su na da irin wannan ƙafa. Da ƙafafunsu su ka zo, waɗansu daga mil uku ko huɗu, jiya kuma su na kan kunya. Abin da ya ke ga mutum ɗaya cikin bakwai ko takwas, bai kuwa hana shi noma ba, da wuya a kira shi cuta.

ƘAFAR DA BA TA DA LAIFI

Yawancin masu shimfiɗaɗɗen tafi ƙafarsu mai laushi ce. In mutum ya zauna ya ɗaga ta, ko ya yi ɗage a kan yatsu, sai lanƙwasar ta fito. In ya taka, ta ɓace. Duka biyu iri ɗaya su ke, haka kuwa su ke tun ya na yaro. Irin wannan ba ta bukatar allura, ko ƙwaya, ko tsaga, ko ƙaho.

Takalmi na musamman ma ba ya sāke siffarta. A birnin Dalas na Amurka an raba yara 129 kashi huɗu. Kashi ɗaya aka bar su da takalmi irin na kowa, sauran aka ba su takalman gyara da abin sawa cikin takalmi iri dabam dabam, har shekara 3. Da aka buga sakamakon a 1989, sai ga shi waɗanda aka yi wa gyara ba su fi waɗanda aka ƙyale ba. Saboda haka uban da ya sayar da buhun masara domin ya saya wa ɗansa takalmin da aka ce zai ta da tafin ƙafa, asara ya yi. Gara ya biya kuɗin makaranta da shi.

Akwai wani abu kuma mai ban tausayi. A sanarwar ɗaukar 'yan sanda an sha lissafa shimfiɗaɗɗen tafi cikin abubuwan da ke hana a ɗauki mutum. Saurayi mai ƙarfi, wanda ya saba da huɗa tun safe har la'asar, sai ya komo gida da baƙin ciki, ya na ganin kansa nakasasshe. Amma ga abin da aka gani a sojan Amurka. A 1993 aka buga labarin kurata 246 da aka bi har mako 12 na horo. Waɗanda tafinsu ya fi shimfiɗuwa su ne su ka fi ƙarancin rauni, masu doguwar lanƙwasa kuwa su ne su ka fi jin ciwo. Ka'idar sojan Amurka ta hana mai ƙafar da ta sandare ko mai ciwo, ba ta hana kowane mai shimfiɗaɗɗen tafi ba. A ganina wannan ita ce hanyar gaskiya. A gwada abin da ƙafa za ta iya yi, a sa mutum ya yi gudu, ya yi ɗage, ya ɗauki kaya. Kafin masu mulki su sāke doka, mu iyaye da dattawa mu gaya wa irin wannan saurayi gaskiya, cewa lafiyarsa lau, kada ya je ya kashe kuɗi wurin mai cewa zai murɗa masa ƙafa ta lanƙwashe.

To, wani zai ce, ai na san mai irin wannan ƙafa wanda ya kan yi kukan gajiya da yamma. Gaskiya ne, akwai su. Sau da yawa agararsu ce gajera, watau babbar jijiyar bayan diddige. Irin wannan ya dafa bango, ya ja ƙafa ɗaya baya, diddige a ƙasa, gwiwa a miƙe, ya karkata gaba har ya ji agara ta ja. Ya ƙirga 30, ya sāke ƙafa, safe da yamma. Takalmi mai taurin ƙasa da ɗan tudu ta gefen ciki ya kan rage gajiya, baduku ko mai gyaran takalmi zai iya yin sa da fata ko roba. Ba zai sāke siffar ƙafa ba, amma zai ba da sauƙi, sauƙin kuwa shi mu ke nema.

BATUN TAKALMI

A kudancin Indiya an auna yara 2,300 masu shekara 4 zuwa 13, aka buga a 1992. Cikin masu sa takalmi, 8.6 bisa 100 su na da shimfiɗaɗɗen tafi. Cikin marasa takalmi, 2.8 ne kaɗai. Masu sau-ciki su ne kan gaba, sa'an nan masu silifa. Ashe ƙafar da ke taka ƙasa ta na aiki, ta na kuwa yin ƙarfi.

Kada wani ya ji wannan ya ce a zubar da takalma. Mu na da ƙaya, da kwalba, da kunama, da kububuwa a lokacin kaka. Tsutsar nan mai shan jini a hanji ta fatar ƙafa ta ke shiga, musamman inda mutane ke bayan gida a fili. Abin da hankali ya nuna shi ne, yaro ya yi wasa ba takalmi a tsakar gida mai tsabta, amma ya sa in zai tafi gona, ko salga, ko makaranta. Takalmin ya zama mai faɗi inda yatsu za su wala. Kada a matse ƙafar yaro cikin takalmin yayansa wanda ya yi masa kaɗan domin kwalliyar Kirsimati.

ƘAFAR DA KE NEMAN TAIMAKO

Yanzu mun zo ga babbar magana. Akwai shimfiɗuwa wadda ke zuwa bayan mutum ya girma, ita ce kuwa mu ke rainawa. Mu kan ce sanyi ne, ko tsufa, ko an yi wa mutum jifa.

Ta fari daga jijiyar nan ce ta bayan idon ƙafa na ciki. In ta gaji, sai ta kumbura, ta saki, wani lokaci ta tsinke. Ta fi kama mata waɗanda su ka wuce shekara 40, da masu ƙiba, da masu hawan jini ko ciwon sukari. Wani bincike a Ingila a 2009 ya same ta ga wajen mata 3 cikin 100 na masu wannan shekaru, yawancinsu kuwa ba wanda ya taɓa gaya musu sunan ciwonsu. Ta kan fara da ƙafa ɗaya. Da fari zafi ne da kumburi a bayan idon ƙafa na ciki, in an yi tafiya. Daga nan gurbin tafi ya fara ɓacewa, diddige ya karkace waje, yatsu su dubi gefe. Takalmi ya riƙa cinyewa ta gefen ciki. In an bar ta shekaru, mahaɗai su sandare a karkace, zafin ya koma gefen waje.

Ku tuna da uwayenmu. Jarkar ruwa mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne, ga itace, ga damin dawa, ga goyo. Mace mai irin wannan ciwo ta kan ci gaba da ɗaukar kaya a kan jijiyar da ke neman hutu, gama ba mai karɓarta. A farkon ciwon, maganinsa mai sauƙi ne: hutu daga kaya da doguwar tafiya, takalmi mai tauri mai ɗauri, abin tallafar tafi, wani lokaci likita ya ɗaure ƙafar da filasta na waɗansu makonni, sa'an nan a koya mata motsa jijiyar har ta yi ƙarfi. In ƙafar ta riga ta sandare, sai aikin fiɗa a babban asibiti irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da kuɗi mai yawa da watanni na jinya. Tun ran gini ran zane. Makonni shida na hutu sun fi arha.

Ta biyu ta fi haɗari, domin ba ta da zafi sosai. Ciwon sukari da kuturta su na kashe jijiyoyin ji. Mutum ya taka ƙaya bai sani ba, ya gurɗe bai sani ba, ya ci gaba da tafiya. A cikin irin wannan ƙafa ƙasusuwan tsakiya su na iya farfashewa a hankali, ƙafar ta kumbura, ta yi ɗumi fiye da 'yar'uwarta, tsakiyar tafi ya faɗi har ya turo ƙasa kamar gindin ƙwarya. A nan gyambo ya ke fitowa, daga gyambo kuwa sau da yawa sai yanke ƙafa. Likita Paul Brand, ɗan mishan wanda ya fara aiki a Belor ta Indiya a 1946, shi ya nuna wa duniya cewa rashin ji, da raunin da ke bin bayansa, su ne ke cinye yatsun masu kuturta. Shi da abokan aikinsa su ka yi takalma na roba mai laushi domin kāre tafin ƙafa. Iyayenmu sun san asibitocin kuturta da mishan su ka yi aiki a ciki, irin su Garkida, da Mangu, da Molai, da Yadakunya, da Amanawa, da Danja kusa da Maraɗi. Yau kuturta ta na warkewa da ƙwayoyi na wata 6 ko 12, tun 1995 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ke ba da su kyauta. Amma jijiyar da ta riga ta mutu ba ta kan komo ba, don haka lura da ƙafa aikin kowace rana ne.

Ta uku ita ce ƙafar da ta sandare, ko an zauna ko an yi ɗage lanƙwasa ba ta fitowa. Wani an haife shi da ƙasusuwa biyu a manne, zafin ya kan fara sa'ad da ya ke tasowa saurayi ko budurwa. Wani kuwa tsohuwar karaya ce da ba ta ɗoru daidai ba, ko ciwon gaɓoɓi. Wannan ma a kai wa likita ya ɗauki hoto.

GWAJI HUƊU DA ZA A YI A GIDA

1. A jiƙa ƙafafu a taka daɓe ko siminti. A gwada sawun dama da na hagu. In iri ɗaya ne, haka kuma su ke tun dā, ba damuwa. In ɗaya ya fi ɗaya cika, a lura.

2. Mutum ya tsaya, wani ya dube shi ta baya. Ya kamata a hango ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi ta gefen waje. In a ƙafa ɗaya an hango yatsu uku ko huɗu, ƙafar ta fara juyawa.

3. Ya dafa bango, ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya yi ɗage sau biyar. In ya kasa ɗaga diddige, ko zafi ya hana shi, jijiyar nan ta na da rauni.

4. Ya rufe ido, wani ya taɓa kan yatsunsa da tafinsa a hankali da yatsa ko da gashin kaza, ya faɗi inda aka taɓa. In akwai inda bai ji ba, a auna sukari, a duba fatar jikinsa ko akwai tabo mai haske wanda ba ya ji.

Wanda ya kasa gwaji na biyu ko na uku ya je ɗakin magani cikin makon nan. Mai ciwon sukari wanda ƙafarsa ɗaya ta kumbura ta yi ɗumi, ya daina taka ta tun yau, a ɗauke shi a kai shi asibiti, ko ba ya jin zafi.

ABIN DA BA ZA A YI BA

Kada a yi tsaga, ko sakiya, ko gashi da ruwan zafi ga ƙafar da ba ta ji, gama za ta ƙone mai ita bai sani ba. Kada a yarda wani ya yi allurar kashe kumburi a cikin jijiyar bayan idon ƙafa, ta na iya sa ta tsinke. Kada a mai da ƙwayoyin kashe zafi na kemis kamar tuwo. Shan su wata da watanni ya na ɓata ciki da ƙoda, ya na kuma rufe bakin ƙafar da ke kuka, har mutum ya ci gaba da taka ta. Maɗori ya na da aikinsa, amma jijiyar da ta saki ba targaɗe ba ce, ja da murɗa ba su mai da ita.

AIKIN IKILISIYA

Manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa jiki ɗaya ne, babu gaɓar da za ta raina wata, har ya ambaci ƙafa. A cikin Yohanna sura 13 mun ga Ubangijinmu ya durƙusa ya wanke ƙafafun almajiransa. Ikilisiyar da ta karanta wannan bai kamata ta ji ƙyamar duban ƙafar tsohuwa ba.

Ga shawarata. Matan zumunta su keɓe taro ɗaya kafin faɗuwar damina, su yi wa juna gwajin nan huɗu, minti biyar ya ishi mutum ɗaya. Kwamitin lafiya na kowace majami'a ya rubuta sunayen masu ciwon sukari da waɗanda su ka warke daga kuturta, a tabbata kowannensu ya na da takalmi mai laushin ciki, marar ƙusa, ya na kuma duban tafinsa kowace yamma, ko jikansa ya duba masa. In malamin asibiti ya ce wa wata ta huta mako shida, hutun nan ba zai yiwu ba sai an karɓe ta. Mai gida ya ɗebo ruwa, ba abin kunya ba ne. Matasa su yi mata gayya, su kawo itace. Inda hali ya yi, a haɗa kuɗi a sayi baro ko amalanke, kaya su sauka daga kan mata.

Mu daina yi wa yaro ba'a domin siffar sawunsa, Allah ne ya yi shi haka. Mu fara tambayar iyayenmu mata ko ƙafarsu ta sāke kama, ko ta na ciwo, ko ta daina ji. Ubangiji ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Amin.